Faifan Malam Maman Barka da abin da Turawa suka ji a cikinsa

Daga Yamai har kasuwannin Arewa irin ta Sukukutane, da wuya a sami wanda ya riƙe rediyo a shekarun 1980 da 1990 bai ji muryar Malam Maman Barka ba. An haife shi a Teskar, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Batube ne, kuma malamin lakkol ne kafin kiɗa ya ɗauke shi. Da gurmi mai tsarkiya 2 muka san shi, kayan kiɗan da ba baƙo ba ne ga mutanen Arewa, yana waƙa da Hausa bisa zaman duniya, a yi dariya kuma a ɗauki darasi.

To, amma faifan da ya kai sunansa Turai ba na gurmi ba ne. A shekara ta 2002, da tallafin ƙungiyar UNESCO, ya tafi bakin Tabkin Cadi wurin Buduma masunta, don ya koyi biram. Shi biram yana da tsarkiya 5, ƙirarsa kamar ta jirgin masunta, kuma Buduma ba su ɗauke shi abin wasa ba: abu ne mai alfarma a wurinsu. A lokacin nan gwani guda ya rage da aka sani, wani dattijo mai suna Bukar Tar. Malamin lakkol ya koma almajiri, ya zauna gaban tsoho har hannunsa ya faɗa, tsohon kuma ya bar masa biram ɗinsa kafin ya rasu.

A shekara ta 2008 Malam Barka ya yi wasa a babban taron makaɗa na WOMAD a Ingila, tare da abokin tafiyarsa Umaru Adamu, mai kaɗa duma da kalangu da ƙwarya. Shekara ta 2009 kamfanin World Music Network na Landan ya fitar da faifansu mai suna Introducing Mamane Barka. Mutum biyu ne kurum, babu garaya ta lantarki, babu taron ƴan amshi. Waɗansu waƙoƙin na Buduma ne da ya gado, waɗansu kuwa shi ya tsara su.

Masu sharhin kiɗa a Turai sun karɓi faifan da yabo. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne amon tsarkiya, da yadda ganga ke bin ta ba ta rufe ta ba, da kuma labarin kayan kiɗan da ya kusa ɓacewa. Yabon ya dace, ba mu musa ba. Sai dai a ganinmu rabin mutumin suka ji. Mai sharhi da ba ya jin Hausa, balle Budumanci ko Barbarci ko Tubanci, kunnensa na tsayawa ga kiɗa. Alhali a nan gida abin da ya ɗaukaka Malam Barka shi ne magana, wato yadda yake ɗaure zance, ya sa habaici inda ya kamata, ya taɓa babba ba tare da ya kama suna ba. Wanda ya yi aikin fassara ya san irin wannan gishiri shi ne farkon abin da ke zubewa a hanya. Mu kuma, a faɗi gaskiya, gurmin muka riƙe, biram ɗin da ya sha wahala a kansa ba mu ba shi kunne sosai ba, har sai da baƙi suka yaba.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga watan Nuwamba 2018. Tabkin da biram ya fito, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25.000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai, rashin kwanciyar hankali kuma ya watsa masunta da yawa daga tsibiransu. Faifai yana adana amo, amma ba ya nuna wa yaro inda ake ɗora yatsa, ko irin icen da ake sassaƙawa. Cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, inda marigayin ya yi aiki, ita ce wurin da ya dace hukumomin al'adu su ɗauki nauyin samari biyu ko uku, ƴaƴan Buduma a cikinsu, su zauna kan biram kamar yadda shi ya zauna gaban Bukar Tar.