Phil Lynott, baƙin yaron da ya ce Dablin tasa ce

A 1969 Phil Lynott ya kafa ƙungiyar kiɗan rok ta Thin Lizzy a Dablin, tare da abokinsa na makaranta Brian Downey. Shi ke kaɗa jitar bes mai kaurin amo, shi ke waƙa. Uwarsa 'yar Ailan ce, ubansa baƙar fata daga Guyana. Kakarsa ta rene shi a unguwar Crumlin, inda da wuya ka ga mai launinsa.

Mu haihuwar Maiwurno da har yau ake ce wa Fallata, mun san irin wannan zama. Shi dai bai yarda baƙo ba ne: da tsohuwar waƙar gargajiyar Ailan ma suka fara suna. Kiɗan ya yi wa kunnena ƙarfi, gaskiya.

Shan hirowin ya karya shi. Ya mutu a Janairun 1986, yana da shekara 36. A 2005 aka kafa mutum-mutuminsa a tsakiyar Dablin.