Garin Rana, Ɗaliban Inuwa

Duk wanda ya taɓa jiran Keke Napep a Tudun Wada cikin watan Afrilu zai yi dariya idan aka ce masa akwai mai ƙarancin bitamin D a Gombe. Ai fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, mu kuwa rana har ta yi mana yawa.

To amma a dubi yinin ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe. Daga ɗakin kwana sai aji, daga aji sai laburare. Lokacin jarrabawa a kwana karatu, a rama barcin da rana. Idan an fito ma inuwa ake bi, kuma ban ga laifin kowa ba, zafin nan ba na wasa ba ne. Hasken da ke shigowa ta gilashin taga ba ya haɗa bitamin ɗin. Baƙar fata kuma ta fi farar fata buƙatar daɗewa a rana. Ɗaliba mai hijabi da safa kuwa, sai ta yi mako rana ba ta ga damtsenta ba.

Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya gano cewa kusan kashi 34 cikin 100 na mutanen da aka auna a Afirka ba su da isasshen bitamin D.

Aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Idan ya yi ƙasa, sai ciwon baya da na ƙugu, da kasala, da raunin tsoka. Mu kuwa da jiki ya yi nauyi sai mu ce maleriya ce, a ruga kemis.

Abincin ɗalibi bai cika cike giɓin ba. Indomie da garau-garau ba su da shi. Ana samunsa a kifin sadin da titus, da kwanduwar ƙwai, da hanta.

Ƙwayar bitamin D da ake tallatawa ba ta burge ni, domin idan ta yi yawa kalsiyam na taruwa a jini har ya taɓa ƙoda. Wanda ciwon jiki ya ƙi ƙarewa ya ga likita, ko a asibitin makaranta ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, a tattauna batun gwajin jini. Sauran kuwa, ku fito da wankinku tsakar gida idan hantsi ya ɗaga, ku naɗe hannun riga, ko sau uku ne a mako.