Finafinan Binciken Laifi na Amurka da Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi waiwaye ne a kan rukunin finafinan nan da ake kira film noir, wato baƙin fim, tare da duba inda salonsu ya yi tarayya da ƙagaggun labaran Hausa. Manazarcin fim Nino Frank ne ya yi amfani da wannan suna a Faransa a 1946, domin bayyana wasu finafinan Amurka masu duhun hoto da duhun jigo.

Siffofin Baƙin Fim

Daga cikin fitattun misalai akwai The Maltese Falcon (1941) na John Huston, wanda aka gina a kan littafin Dashiell Hammett na 1930, da The Big Sleep (1946) na Howard Hawks. A dukansu Humphrey Bogart ne ya fito a matsayin mai binciken laifi. Abin lura shi ne, wannan tauraro ba tsarkakke ba ne. Yana cuɗanya da miyagu, kuma birnin da yake aiki a ciki cike yake da cin amana da kwaɗayin dukiya. Wannan tsari ya ɗore, domin an sake ganin sa a Chinatown (1974).

Dangantaka da Adabin Hausa

Salon ya iso ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce gidajen silima, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937. Ta biyu kuwa ita ce littattafan James Hadley Chase, Baturen Ingila da ya gina yawancin labaransa a kan miyagun biranen Amurka, waɗanda 'yan makarantun sakandare suka daɗe suna karantawa.

A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tauraro yakan sha wuya amma ya komo gida da nasara. Amma a 1982 sai ga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, inda Mailoma, shugaban 'yan ta'adda, shi ne tauraro, da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai jigon fasa-ƙwauri da cin hanci.

Kammalawa

Bisa ga wannan, za a ga cewa tarayyar tana cikin jigo ne da zubin taurari: mugu ya shigo tsakiyar labari, birni ya zama fagen laifi. Sai dai marubutan Hausa sun riƙe manufar gargaɗi, kamar yadda sunan littafin Gagare kansa ya nuna.