DAGA KOGON DUTSE ZUWA ƊAKIN HASKE: YADDA ZANE YA HAƊIYE MAI KALLONSA

A cikin watan Satumba na shekarar 1940, waɗansu samari huɗu a kudu maso yammacin ƙasar Faransa suka zura jiki cikin wani rami, sai suka tsinci kansu a kogon nan da ake kira Lasko. Da suka ɗaga fitila sai ga bijimai da dawaki da bareyi an zana su a jikin dutse, dama da hagu har bisa kawunansu. Masana sun kimanta cewa zanen ya kai shekara 17,000.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka yi wannan aiki ba su yi shi don a tsaya daga nesa a kalla ba. Tilas mutum ya shiga duhu da 'yar fitilar kitse a hannu, harshen wuta yana rawa, dabbobin kuma kamar suna motsi. Ko a nan gida, a duwatsun Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, akwai zanen shanu na mutanen da, kusa da su kuma ga duwatsun da in an buga sai su yi amo kamar ƙuge. Watau ke nan burin mai zane na ya kewaye mai kallo ba na yau ba ne. Kayan aiki ne kawai suke canzawa.

TAGA DA RUFI

A wajejen 1420, wani magini a birnin Fulorans na Italiya mai suna Filippo Brunelleschi ya nuna dabarar lissafi ta zana abin da ke kusa da girma, na nesa kuma yana ta ƙanƙancewa har ya ɓace a ɗigo guda. Da wannan dabara shafaffen bango ya zama kamar taga. To, amma mai leƙe ta taga ai yana waje. Saboda haka a ƙarshen ƙarni na 17 Andrea Pozzo ya zana rufin majami'ar Sant'Ignazio a birnin Rum, aka kuma dasa wani faifan dutse a daɓe. Wanda ya tsaya a kansa ya ɗaga kai sai ya ga kamar an yaye rufin, ginin ya miƙe har cikin gajimare. In kuwa ya gusa gefe, sai ginshiƙan su karkace, asiri ya tonu.

Wanda ya magance wannan matsala shi ne Robert Barker. A 1787 ya yi rajistar dabararsa, a 1793 kuma ya buɗe wani gini mai siffar da'ira a London. Mai kallo zai biya kuɗin shiga, ya bi ta wani lungu mai duhu, ya hau matakala, sai ya ɓullo a kan dandamali a tsakiya. Duk inda ya juya zane ne, ba ya ganin farkonsa balle ƙarshensa, haske kuwa yana saukowa daga sama ta inda ido ba ya kaiwa.

Daga nan sai al'amarin ya yi ta gudu. A 1895 'yan'uwan nan biyu, su Lumiere, suka fara nuna hoto mai motsi ga masu biyan kuɗi a Faris, abin da daga baya ya iso ƙauyukanmu a motar majigi. A 1927 aka buɗe ɗakuna biyu masu siffar ƙwai a Faris, inda zanen furannin bado na Claude Monet ya zagaye bango. A 1965 kuma wata 'yar Japan, Yayoi Kusama, ta lulluɓe ɗaki da madubai a New York, har mai shiga ya ga kansa ya zama wani yanki na aikin.

BA GIRIN-GIRIN BA

Yau kwamfuta ce ke riƙe da ragama. A 2018 aka mai da wata tsohuwar maƙera a Faris gidan kallo mai suna Atelier des Lumières, inda na'urorin haska hoto 140 ke watsa zane a bango da daɓe, kiɗa yana tashi. A 2019 suka nuna ayyukan Vincent van Gogh, irin wannan nuni kuma ya bazu cikin manyan biranen duniya. Akwai kuma tabarau na musamman da mutum zai ɗaura ya ga kansa tsundum cikin wata duniya.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Shahararren zanen nan na dare mai taurari da Van Gogh ya yi a 1889, wanda ke ajiye a New York, faɗinsa bai cika mita ɗaya ba. In aka buɗa shi ya cika bango, kaurin fenti da sawun hannun mai shi duk sun tafi, sai launi kurum. Mutum ya fito yana cewa ya ga Van Gogh, alhali inuwarsa ya gani. Bugu da ƙari, mutumin ya rasu tun 1890, babu sauran haƙƙin mallaka a kan zanensa. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi son matattun gwanaye, masu rai kuwa suna gefe.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Kogon Lasko da muka fara da shi, a 1963 aka rufe shi, domin numfashi da ɗumin jikin 'yan kallo sun fara lalata zanen. A 1983 aka buɗe kwaikwayonsa a kusa da shi, a 2016 kuma aka yi wani wanda ya fi shi cika. Ba don kwaikwayon ba, da ko dai a hana kowa gani, ko kuwa a bari zanen ya salwanta.

Saboda haka, mai karatu, in Allah Ya kai ka irin wannan ɗaki, ka shiga ka more. Sai dai in ka fito ka tambayi kanka abin da ya rage a zuciyarka bayan an kashe na'ura, ka kuma nemi sanin inda na ainihin yake, da wanda ke kula da shi. Shanun Birnin Kudu ma suna nan suna jiran mai ziyara.