Me Ya Sa Manyan Ƙungiyoyi Ke Miƙa Ragama Ga Matasan Kociyoyi?

A 2008 Barcelona ta tsallake José Mourinho, wanda ya riga ya ci kofin Zakarun Turai, ta ɗauki Pep Guardiola, ɗan shekara 37 da bai taɓa horar da kowa ba sai ƙaramar ƙungiyarta. A kakarsa ta farko ya kwashe kofuna uku. Tun daga nan shugabannin ƙungiyoyin Turai kowa ke neman nasa Guardiolan.

Sai dai ba kwaikwayo kaɗai ke tura su ba. Iko ya bar hannun koci ya koma ofishin daraktan wasanni, shi ke cinikin 'yan wasa, shi ke tsara gobe. Matashi ba ya ja da shi. Irin su Antonio Conte kuwa da sharuɗɗa suke zuwa: a sayo wane da wane, in an ƙi su fito su faɗa wa 'yan jarida. Brighton, wadda ta ƙware a wannan tsari, ta naɗa Fabian Hürzeler a 2024 yana da shekara 31, alhali ɗan wasansa James Milner ya girme shi.

Wani lokaci kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Xabi Alonso ya ci Bundesliga da Leverkusen a 2024 ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba. Juventus kuwa ta ji a jikinta. Ta ba Andrea Pirlo aiki a 2020 bai taɓa jagorantar wasa ba, ta ƙare ta huɗu bayan shekara tara tana riƙe da Serie A. Wa ya ɗauke kofin? Inter ta Conte. Chelsea ma ta sallami Frank Lampard a Janairun 2021, Thomas Tuchel ya kawo mata kofin Zakarun Turai a watan Mayu.

Abin da masu kwaikwayo ke mantawa shi ne Guardiola ya tarar da Messi da Xavi da Iniesta, a gidan da shi ma ya tashi. Kuma matashi yana buƙatar lokaci. Arsenal ta haƙura da Mikel Arteta duk da ƙarewa ta takwas sau biyu a jere. Bayern Munich ta kori Julian Nagelsmann a Maris 2023 tun bai cika shekara biyu ba, ga shi ya ci mata Bundesliga. Ƙungiyar da ba za ta iya jiran kaka uku ba, gara ta nemi tsohon hannu irin Carlo Ancelotti tun farko.