Gyaran hoto a aji: sana'ar da matasa ke biyan kuɗin makaranta don su iya

Daga Yamai zuwa Maradi, Damagaram da Tawa, da wuya mutum ya bi babban titi bai ga bandarol ko afish mai hoton da aka gyara a kwamfuta ba: tallar shagon atamfa, sanarwar wa'azi, hoton ɗan kokawa, ko katin biki da ke yawo a WhatsApp tun kafin a buga shi a takarda. Kowane ɗaya akwai wanda ya zauna ya haɗa shi. Wannan aiki, da makarantu ke kira enfografi, na cikin sana'o'in da matasa masu bak, har da waɗanda ba su kai can ba, ke shiga manyan makarantu da cibiyoyin koyon sana'a don su ƙware a kai.

Tambayar da iyaye da dama ke yi ita ce: tunda yaro na iya gyara hoto a salularsa da Snapseed ko Canva, me zai sa a biya masa kuɗin makaranta? Amsar takan fito ranar da aka kai aikin maɗaba'a.

Darasin farko lissafi ne

Ɗalibin da ya shigo yana ɗokin sauya fuska da bango yakan tarar an fara masa da ƙidaya. Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Don a buga hoton da za a riƙe a hannu ya fito tsaf, ƙa'idar maɗaba'a ita ce fiksel 300 a kowane inci. Ke nan takardar A4 na buƙatar fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Hoto mai fiksel 1200 a faɗi kuwa, santimita 10 kacal zai bayar. In aka ja shi ya cika A4, fuska za ta dushe.

Nan ne ɗalibi ke gane dalilin da ya sa hoton amarya da aka turo ta WhatsApp ke lalacewa a kalanda. Manhajar na matse hoto don ya tafi da sauri, kuma abin da ta zubar ba ya dawowa. Mafita ita ce a tura shi a matsayin dokiman, ko a kawo shi a kile. Bandarol da ake hange daga nesa bai buƙatar fiksel 300 ɗin, shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya fara tambayar mai aiki: ina za a kafa shi, kuma girmansa nawa?

Sai launi. Allon salula da na kwamfuta na haɗa launi da haske uku: ja, kore da shuɗi, wato RGB. Injin maɗaba'a kuwa tawada huɗu yake zubawa, wato CMYK. Tawada ba ta kai haske ƙyalli, saboda haka kore mai sheƙi da shuɗi mai ƙarfi sukan mutu a takarda. Ko ruwan lemun tutar Nijar, in ba a daidaita tawadarsa ba, sai ya karkata zuwa ja. Wanda bai san haka ba shi ke biyan kuɗin bugu na biyu daga aljihunsa, ko ya rasa mai aikin gaba ɗaya.

Kada a taɓa hoton asali

Bayan lissafi ake shiga Photoshop, manhajar da wasu ƴan uwa biyu ƴan Amurka, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Ginshiƙin aiki da ita shi ne abin da sigar Faransanci ke kira kalk: tamkar a jera takardu masu shara-shara, hoto a ƙasa, rubutu a sama, gyaran launi a tsakani. In mai shago ya dawo ya ce lambar wayarsa ta sauya, takarda ɗaya za a taɓa.

Ana kuma hana ɗalibi amfani da magogi. Maimakon ya goge bango, sai ya rufe shi da abin da ake kira mask, wanda ke ɓoyewa ba tare da sharewa ba. Yanke mutum daga bango shi ne gwajin haƙuri: bakin gyale mai leshi, gezar rawani, ko kitson yarinya na iya cin awa guda. A ƙarshe akan ajiye aiki kashi biyu, PSD mai ɗauke da kalk duka don gyaran gaba, da JPEG ko PDF na mai aiki. Shi JPEG, duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, ingancinsa na raguwa.

Hasken Sahel ma darasi ne. Mutum baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana, kyamara ba ta iya gamsar da rigar da fuskar a tare: ko riga ta ƙone fari fat, ko fuska ta nutse cikin duhu. Hazon hunturu kuma kan rina hoto da ruwan ƙasa. Ana koyon ɗaga inuwa da daidaita fari, amma wurin da ya ƙone ba abin da ya rage a cikinsa da za a ceto. Shi ya sa gyara mai kyau ke farawa tun wajen ɗauka, a kai mutum inuwa.

“A ƙara mini haske”

Babu mai gyaran hoto a ƙasar Hausa da bai san wannan roƙo ba. Haskaka hoto daban, sauya launin fatar mutum daban, kuma a aji ana nuna inda iyakar take. Cire ƙurji na kwana biyu gyara ne. Mayar da baƙar mace fara, a shafe fata har ta koma kamar roba, wani abu ne da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da man bilicin, wanda ƙasashe kamar Kodebuwa suka haramta tun 2015. Ɗalibi zai fita ya tarar kasuwa na biyan kuɗi a kan abin da malaminsa ya hana, kuma shi zai zaɓa.

A wasu wurare ma zaɓin ba nasa ba ne. Hoton fasfo da na biza ba a yi masu kwalliya. Ƙa'idar bizar Amurka ta ce kada a sauya kamannin mutum da kwamfuta, ta Shengen kuma na neman hoto mai milimita 35 da 45. Ɗan gyaran da mai hoto ya yi don ya faranta wa mutum rai na iya sa a mayar masa da takardunsa.

A aikin jarida abin ya fi tsanani. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto a Labanon bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut, ya kuma janye hotunansa duka daga rumbunsa. A Nijar, dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna ta kafar sadarwa da yaɗa abin da ke iya dagula zaman lafiyar jama'a. Ɗora kan wani a jikin wani don a yi dariya a gurup na iya ƙarewa a gaban alƙali. Tun da Adobe ta saka wa Photoshop fasahar ƙirƙirarriyar basira a 2023, jimla ɗaya ta isa a ƙara mutum a hoton taron da bai halarta ba.

Haruffa masu lanƙwasa

Akwai matsalar da littattafan koyarwa na Faransanci ba su ambata. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Mai zane ya rubuta “ɗaurin aure” sai akwati ya fito a gurbin harafin farko, shi kuwa ya sa d ya wuce. Da haka “ƙofa” da “ɓera” ke rasa lanƙwasarsu a allunan talla, “ɗaki” ya koma “daki”. Alhali akwai salon haruffa na kyauta masu ɗauke da su, irin su Noto, Andika da Charis. Ɗalibin da ya san wannan ya riga takwarorinsa samun aikin littattafan yaƙi da jahilci da afish na faɗakarwa cikin Hausa.

Kayan aiki da kuran

Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin sigogin Photoshop sayen dindindin, sai biyan kuɗi wata-wata da katin banki. Wannan ya tura matasa da yawa ga kwafin sata, wanda kan zo da ƙwayar cutar kwamfuta da ke iya cinye aikin wata guda. Akwai hanyoyin halal: GIMP, da ta fito a 1996, kyauta ce, haka Inkscape don zanen tambari, sai Photopea da ke buɗe PSD a intanet. Wanda ya fahimci kalk da mask a ɗaya, sauran ba za su ba shi wuya ba.

Kuran kuma na da nasa darasin. Waɗanda suka yi karatu bayan Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023 sun koyi ajiye aiki kowane minti biyar. Ga ƴan uwa da ke Abijan, Aljeriya ko Faransa masu niyyar aiko wa ƙane kwamfuta: Photoshop na yau na neman RAM giga 8 aƙalla, 16 ya fi, kuma batir mai rai ya fi kyan jiki amfani.

Abin da ya rage a akwatunan gida

Nijar na da tarihin hoto. Philippe Koudjina ya ɗauki rayuwar daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, kamar yadda Malick Sidibé ya yi a Bamako. A gidaje kuwa, hotunan kakanni na nan cikin akwati, zafi da gara na cin su. Ɗaukar su da sikana, a ɗinke tsaga, a maido da fuskar da ta koɗe, aiki ne da ɗalibin da ya iya mask zai yi, kuma ɗan da ke ƙasar waje zai biya don ya ga fuskar kakarsa.

Diplom na buɗe ƙofar estaj a maɗaba'a, gidan talabijin ko ofishin sadarwa. Amma mai ɗaukar aiki abin da yakan fara nema shi ne a nuna masa aiki: hoto kafin gyara da bayan gyara, da afish ɗaya da aka buga a takarda launinsa ya fito yadda aka yi alkawari.