Motar da Ke Tuƙa Kanta: Alhakin Jini a Wuyan Wa?

Ranar Lahadi, 18 ga watan Maris na 2018, wajen ƙarfe 10 na dare, wata mata mai shekara 49 tana tura kekenta za ta ƙetare titi a garin Tempe, cikin Jihar Arizona ta Amurka, sai wata mota ƙirar Volvo ta banke ta. An kai ta asibiti, rai ya yi halinsa. Motar kuwa ta kamfanin Uber ce, kuma ba mutum ne ke tuƙinta ba. Kwamfuta ce.

Irin wannan mota tana da idanu nata: kyamarori, da na'urar rada, da wata na'ura mai harba haske tana auna nisan duk abin da ke gabanta. Waɗannan su ke kai wa kwamfutar labari, ita kuma ta ba sitiyari da birki umarni. Ba a zauna an rubuta mata kamannin kowane abu ba. Hotuna ne aka yi ta nuna mata bila adadin, ana ce mata ga mutum, ga keke, ga mota, har ta iya rarrabewa da kanta. Wannan shi ne ake kira koyon na'ura. To, kwamfutar da ke kan tebur in ta yi kuskure, sai a goge a sake. Amma wadda aka damƙa wa ƙarfe mai gudu, kuskurenta a jikin mutum yake sauka.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 2019. Ashe motar ta hango matar tun ana saura daƙiƙa 5.6 ta buge ta, lokacin da ya isa a taka birki. Sai dai ta kasa sanin ko mece ce. Ta ɗauke ta mota, ta koma ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, can kuma ta ce keke ne. Duk sa'ad da ta sauya suna, sai ta watsar da abin da ta riga ta lura na tafiyar matar, ta fara lissafi sabo. Babban abin takaici shi ne, ba a shirya ta da tunanin cewa mutum zai iya ƙetare titi a inda ba a shata wa masu ƙafa ba. Mai karatu ya tuna yadda muke tsallaka titi a bakin kasuwa, shi zai gane girman wannan giɓi.

Ban da haka, an kashe birkin gaggawa da Volvo ta sa wa motar, an dogara ga ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar direba don ta karɓi tuƙi in ta ga matsala. Ita kuwa hankalinta yana kan wayarta, inda shirin talabijin ke gudana.

'Yan'uwa masu bi, wannan shari'a ba baƙuwa ba ce gare mu. A Littafin Fitowa sura 21 akwai dokar sa mai tunkuyi. In sa ya kashe mutum ba zato, mai shi ba shi da laifi. Amma in an san halin san, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to, jinin yana kansa. A ganina nan ne gizo ke saƙa, domin san nan na ƙarfe masu shi suna da yawa: wanda ya koya masa, da wanda ya kashe birkin, da hukumar da ta ba da izinin gwaji a titin jama'a, da wadda aka sa ta riƙe igiya ita kaɗai cikin dare.

A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce babu laifin da za su tuhumi kamfanin da shi. Ma'aikaciyar ce aka gurfanar. A 2023 ta amsa laifin jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata shekara 3 ƙarƙashin sa ido, ba ɗauri. Uber ta sayar da sashen nata na waɗannan motoci a 2020. A shekarar nan ce kuma wani kamfanin, Waymo, ya buɗe wa jama'ar yankin Phoenix, maƙwabcin Tempe, motocin haya da babu kowa a kujerar direba.